Ƙullin Baba Job

A Fadaman Mada idan ka ce kana neman Baba Job, sai a tambaye ka, "Wanne? Na rijiya?" Shekara talatin da biyar ya yi a aikin kwana-kwana, ya shiga gobarar da ba ta ƙirguwa, girarsa ta ƙone ta tsiro ta sake ƙonewa, amma duk wannan babu mai tunawa. Abin da aka riƙe masa shi ne ranar da aka manta da shi a cikin rijiya.

A Tirwun abin ya faru, tun tana gonaki da rugage, ba a fara yanka filaye ba. Karsanar wani makiyayi, Malam Abdulhamid, ce ta zame ta faɗa tsohuwar rijiyar lambu. Job a lokacin saurayi ne siriri kamar sillen kara, saboda haka shi aka zura. Ya sauka, ya lallashi karsana, ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaure ta, ya ɗaga murya ya ce a ja. Aka yi ta ja har ta fito. Ƙafarta na taɓa ƙasa ta yi tsalle ta yanki daji, igiya na biye da ita. Mai saniya ya bi saniyarsa, 'yan kwana-kwana suka bi igiyarsu, 'yan kallo suka bi 'yan kwana-kwana. Aka bar Job tsaye cikin ruwa iya ƙirji yana kallon sama.

Ya fi awa guda a haka, sai wata tsohuwa ta zo ɗiban ruwa ta jefa masa guga a ka. Shi kuma da yake mutum ne mai ladabi, ya ce, "Sannu da aiki, Inna." An ce ranar tsohuwar ta fi karsanar gudu.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai ta raba mu, kuma na sha zama a bencinsa ƙarƙashin dalbejiya ina jin labarin da. Jar motarsu ta farko ba ta da jiniya, ƙararrawar tagulla ce ake kaɗawa da hannu, kuma kowace Asabar sai an goge ta da toka da lemon tsami har mutum ya ga fuskarsa. Idan suka dawo daga aiki, a kan reshen mangwaro suke shanya mesar ruwa. Ya ce rabin kiran da ake musu ma ba na wuta ba ne, na rijiya ne: akuya, jaki, wani lokaci mutum.

A nan ƙullin ya shigo. Wani tsohon ogansu, Saja Hafizu, ya koya masa, shi kuma Saja a wurin masu haƙar rijiya ya samo. Igiya takan bi bayan ƙafafun gaba, ta zagayo gaban na baya, ta haɗu a gadon baya. Ba ta shaƙe dabba, ba ta zamewa, kuma duk yadda dabbar ta yi zillo ƙara zama take yi. Babu shi a littafi. Waɗanda suka iya duk sun riga mu gidan gaskiya, sai Baba Job kaɗai, ga shi sanyin ƙashi ya fara murɗe masa yatsu.

Wannan ne ya hana shi sakat. Sau uku yana shiga keke ya je tashar kwana-kwana bayan ya yi ritaya. Matasan suka ba shi kujera, suka kawo lemo mai sanyi, suka ce, "Baba, a ba mu labarin rijiya." Ya bayar, suka yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ɗauko zancen ƙulli sai suka nuna masa sabuwar ɗamarar da aka kawo musu mai ƙugiyoyin ƙarfe, suka ce ai yanzu ko'ina burtsatse ne. Ya dawo gida ya ci gaba da ɗaure turmin matarsa, Mama Liatu, kowace safiya don kada hannu ya manta.

Bara wata jami'ar kwana-kwana mai suna Felicia ta zo. An sa ta tattara tsofaffin kayan aiki a jera a ɗaki guda don masu ziyara, ta ji labarin igiyar nan tana wurinsa.

"Baba, a akwatin gilashi za mu sa ta, da sunanka a jiki."

"'Yata, igiya a gilashi ai gawa ce. Ki iya ɗaurawa, ki ɗauka."

Ta ɗauka wasa ne. Asabar takwas tana zuwa, tana ɗaure akuyar gidan, shi yana zaune yana nuni da sanda, yana cewa a kwance a sake. Mama Liatu ta gaji ta ce, "Baban Eunice, akuyar nan fa ta fi wasu ma'aikatan zuwa atisaye, a ɗinka mata kaki kawai."

Da daminar bana wani sa ya rufta tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe, tsakanin sababbin gine-ginen Tirwun. Ɗamarar zamani don mutum aka yi ta, ta ƙi zama a jikin sa. Felicia ce ta sauka. Da la'asar sai ga ta a ƙofar gida, laka har gwiwa.

"Baba, ya fito lafiya, ko ƙwarzane babu. Yanzu mutum huɗu sun ce in koya musu."

Ya dubi yatsunsa. Can ya ce, "Igiya nawa kuka tafi da ita?"

"Biyu, Baba."

"Yawwa." Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar igiyar ya miƙa mata.

Ni kuma bakina ba ya shiru. Na ce, "Baba, ka ga ɗalibarka ta fi ka. Ita ko minti biyar ba ta ƙara a ciki ba, kai kuwa sai da guga ta tashe ka."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Maƙwabci, da suka kama karsanar nan can bakin rafi, ƙullin ya kwance?"

Na ce an ce bai kwance ba.

"To me kake so kuma? Saniya aka aike ni in fitar, ba a ce in fitar da Job ba."