Ranar da Na Gyara wa Kaka Labari

Ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu ne ya tuno mini da wannan, a gefen titin Jikwoyi inda ake haƙa kwalbati.

Kakata maginiyar tukwane ce a Ushafa. Ba ta yi karatu ba, amma labaran da ta ji a coci duk suna kanta. Da damina, in ruwa ya hana zuwa gona, mukan zauna a rumfa, tana gini tana ba mu. A bakinta, gwauruwar nan ta ƙasar Mowab da ta biyo surukarta, Bafulatana ce irin masu kawo mana nono, baƙuwa, ba ta jin yaren gari. Mutumin da aka tilasta wa ɗaukar gicciyen Yesu kuwa namu ne.

Takan tambaye mu, "A ina ya ɗora kayan? A ka?"

"A kafaɗa!"

"To, Gbagyi ne. Wa ke ɗauka a kafaɗa in ba mu ba?"

Shekarar da na shiga sakandare, in ban manta ba, malamin makarantar Lahadi ya raba mana katuna masu hoto. Kowa a ciki fari sol, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Na kawo gida, na bari sai da ta kai tsakiyar labari, a gaban ƙannena na ce, "Kaka, ba haka ba ne. Dubi, duk Turawa ne."

Ta goge hannu a zani, ta daɗe tana kallon katin.

"To, 'yar boko. Ke za ki riƙa ba su labarin."

Ba ta yi fushi ba, ko kuma ni ce ban gani ba. Amma daga ranar, shiru take gininta.

Sai a jami'a na bincika. Ba zan ce ta yi daidai a komai ba. Sai dai matar baƙuwa ce da gaske, mutumin kuma daga Afirka ya fito. Ta fi katin kusa da gaskiya. Lokacin ta riga ta rasu.

Yanzu ni ke koyar da yara a cocinmu. Bara, wajen shirin wasan Kirsimeti, iyaye suka ce yarinyar da ta fi haske ita za ta fito a uwar Yesu, don ya yi kama da hoto. Na so in ce ba haka ba ne, amma na fara da "wataƙila". Kafin in samo kalmar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba, an koma zancen shinkafa.

Abin da ke cin raina ke nan. Ranar da nake kan kuskure, muryata ko rawa ba ta yi ba.