Mai Ɗauko Ƙwallo

In ka ga dama ka yarda, in ba ka yarda ba ka je Mandawari ka tambaya: na yi shekaru ina ɗan kulob ɗin unguwarmu, da jesina da komai, ba a fara wasa sai na iso, amma ƙafata ba ta taɓa haɗuwa da ƙwallo ba. Da hannu na yi duk aikina, kuma ni ba gola ba ne.

Lokacin sojoji sun koma bariki ke nan, farar hula sun karɓa. Kowa ya zama ɗan siyasa, mai shayin bakin titi ma ciyaman ake ce masa. Yaran unguwa kuwa, duk wanda ya iya ihu sai a loda shi a mota a tafi da shi taro. Abin ya dami wani tela a layinmu, ya ce gara mu yi ihun a filin ƙwallo. Ya tara mu, 'ya'yan marasa hali, ya naɗa kansa koci. Ya yi ta sintiri gidan sabon kansila har mutumin ya gaji, ya sayo mana jesin gwanjo a Ƙofar Wambai da ƙwallon fata guda ɗaya tal. Bayan tirenin kuma akwai shayi da biredi. A gidanmu a lokacin biredin nan ba abin wasa ba ne, shi ke sa in bar wa ƙannena tuwona. Dokar koci kuma ɗaya ce: mai jesi shi ke da kofin shayi.

Filin namu tsohon kududdufi ne da shara ta cike, gidaje sun kewaye shi. 'Yan wasan gabanmu kuma Allah ya ba su ƙarfi, ya hana su saiti. Ana dokawa, ƙwallo sai tsakar gidan mutane. To a cikin birni, namijin da ya balaga iyakarsa soro, ba ya shiga wurin mata. Ni ne ƙaramin cikinmu, tsawona bai fi na turmi ba. Shi ya sa aka ba ni jesi.

Kada ka raina aikin. Akwai gidan da sai ka durƙusa, akwai wanda sai ka matso hawaye, akwai wanda sai an aike ka sayo gishiri kafin a nuna maka inda aka ɓoye ta. Mafi wuya shi ne gidan wata Hajiya a bayan raga, mai sana'ar taliyar murji. Kullum tsakar gidanta cike yake da shanya, kuma ƙwallonmu ba ta da wurin sauka sai kan taliyar nan. Ni kaɗai take ba wa, shi ma sai na tsince abin da ya zube.

Sai jikina ya ci amanata. A damina ɗaya na miƙe kamar falwaya, murya ta fara buɗewa. Na koma tafiya a duƙe, na rage magana. Amma koci tela ne, ba a ɓoye masa tsawo.

“Kai, ran da aka hana ka shiga, jesin nan na ƙanen gola ne,” in ji shi.

Na ce, “Koci, to a gwada ni a fili mana.”

Ya gwada ni. Na ja da baya, na taho da gudu, na kai duka. Silifas ɗina ya haura katanga, ƙwallo tana nan inda take. Ni na shiga na ɗauko silifas ɗin.

Ranar da muka buga da 'yan Dukawuya, wasa ya yi zafi, sai ga ƙwallo ta nufi gidan Hajiya. Kowa ya juyo yana kallona. Na shiga soro, na durƙushe, na maƙe murya iya maƙewa, na fara sallama kamar sabuwar amarya. Rabin farko na sallamar ya fita lafiya. Rabin ƙarshe kuwa, wata murya ce ta fito irin ta kwandasta yana kiran fasinja. Kaji suka watse. Mata suka yi ɗaki ana “Wane ne? Namiji a gida!”

Hajiya ta fito, ƙwallo a hannu ɗaya, wuyan jesina a ɗaya, ta jawo ni har ƙofar gida. Koci na tsaye, ƙanen gola a gefensa yana auna jesin da ido.

Gaskiya koci ya yi mini ƙoƙari. Ya cire hula ya ce, “Hajiya, a yi haƙuri, yaro ne ƙarami. Biredi ne ya karɓe shi.”

Ta dube shi, ta ɗaga kai ta dube ni, ta miƙa wa ƙanen gola ƙwallon.

“Yaro? Malam tela, wannan in ya sake tsallake soron nan, to ya zo da iyayensa da goro, ina da 'yan mata.”