Sunayen Bidiyon Kaka

A gidanmu na Lamordé, da an sallame magariba Kaka takan jawo kujerarta kusa da murhu, inda garwashin tuwo bai gama mutuwa ba. Mu jikoki mu zagaye ta, kowa da kwanonsa. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga an wanke hannu. Sannan ta ce, "To, ga wata ta taso daga bakin kogi, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne!"

Wadda na fi so ita ce ta dorina. Wata mata ce ta ji uwarta ba lafiya a hayin kogi, ga ruwa ya cika, babu jirgi. Akwai dorina mai ƙetarar da mutane, amma duk wanda ya ce mata "ke!" sai ta nutse. Matar ta zauna a gaɓa kwana uku tana wanki tana saurare, har ta ji uwar dorinar ta kira ɗiyarta da sunanta. Da safe ta kira ta da sunan nan a hankali, dorina ta ba ta baya ta hau, ta ƙetarar da ita.

"Kun ga ba ƙarfi ta sa ba," in ji Kaka. "Zama ta yi ta saurara."

A shekarunta na ƙarshe, Kawu Sani, direban babbar mota, ya riƙa ɗaukarta bidiyo da wayarsa duk zuwan da ya yi. Bayan rasuwarta ya zuba su a wata ƴar na'urar kallo mai kamar tafin hannu, ya ba Inna, mahaifiyata.

Bara Inna ta kwanta ciwo a gidana na unguwar Dar es Salam. Wata rana da la'asar ta ce, "Hadiza, sa mini ta dorina." Na kunna na'urar, sai lambobi jere, babu suna ko ɗaya. Na buɗe wannan, na rufe wancan, har barci ya ɗauke ta ban samo ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Washegari na haɗa na'urar da ordinatar ɗina, wato kwamfuta, da kabul. Na riƙa kallon kowane bidiyo, in goge lambar, in rubuta suna. Da na cire kabul na kunna, sai na ga wayam, babu komai. Ga shi wayar Kawu ta daɗe da lalacewa, muryar Kaka ba ta ko'ina sai nan. Na sake haɗawa. Ashe bidiyon suna nan. Garin sauri na goge ƴan haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen kowane suna, waɗanda na'urar ke gane bidiyo da su. Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, na kuma kwafe komai a ordinatar.

Da na kai wa Inna, ta sa tabarau ta karanta, ta girgiza kai.

"Wa ya ce miki sunanta 'Dorina'? Kakarki 'Mai Wanki' take ce mata."

Daga nan aikin ya zama namu mu biyu. Kullum bayan la'asar ta jingina da matashi, mu kalla, ta faɗi suna, in rubuta. Ta fara cin abinci sosai, har tana mini faɗa in na makara.

Ina yarinya na ɗauka darasin Kaka na yara marasa haƙuri ne. Sai yanzu na gane ni ma shekara da shekaru ina kusa da Inna ban zauna na saurare ta ba.

Bidiyo na ƙarshe ya yanke a tsakiya, batirin Kawu ne ya mutu ran nan. Inna ta gyara ɗankwalinta.

"Na san ƙarshenta," ta ce. "Ɗauko wayarki."