Dodo Maƙeri da Sarkin da Ya Dawo Daga Wuta

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Gummi da hantsi ya san ƙarar zugazugin Dodo. Da ya dawo daga Asuba zai share rumfarsa, ya hura gawayi, sannan ya kwaɓa yumɓu kamar mai shirin ginin tukunya. Maƙerin fari ne, wato mai aikin zinariya da azurfa. Bana idonsa ya gaza, ya ajiye awartaki, ni kuwa da rumfar ɗinkina ke manne da tasa na ce wallahi ba zai tafi gida shiru ba, sai na ba da labarinsa.

Yumɓun nan shi ne abin tsokanarmu. Duk abin da aka kawo masa ya narka, warwaro ne ko zobe, sai ya fara danna shi a yumɓu gaba da baya, ya shanya, ya jefa a tulu. Mai kaya na sauri, Dodo na kwaɓi. Nakan leƙo in ce, "Sarkin laka, yau gawar wa ake wa hoto?" Sai ya ce, "Murtala, ka ji da allurarka. Ubana ya ce wuta ba ta maido abin da ta ci." Tuluna suka cika bayan rumfa har matarsa ta yi rantsuwar fasa su.

Sai ga shekarar 1999, da bikin Zinatu, jikar Inna Saudatu.

Inna Saudatu tsohuwa ce a unguwarmu. Ɗanta ɗaya namiji, Mas'ud, ya yi karatun injiniya a ƙasar Cekoslobakiya. Da ya dawo ya kawo mata tsaraba, wani ɗan kwabon zinariya da aka buga can don tunawa da wani sarkinsu na zamanin da. Ba na kashewa ba ne, na ajiya ne. Ga kan sarkin da kambi da gemu. Ranar da ya miƙa mata, murna ta sa ya suɓuce ya bugi dutsen niƙa, gefensa ya loɓa. Bayan wasu shekaru Mas'ud ya rasu a hatsarin mota a hanyar Gusau, ba a daɗe ba idon Inna ya rufe. Tun daga nan, in ta idar da salla, sai ta kwance ƙullin tsummanta ta shafa fuskar sarkin nan da babban yatsa. Ba sarkin ya dame ta ba, ko sunansa ba ta riƙe ba. Abin da hannun ɗanta ya taɓa ne.

Da biki ya matso, Inna ta ce wa Laraba, matar marigayin kuma uwar amarya, ta ɗauki tsoffin 'yan kunnenta da suka karye a yi wa yarinya sababbi. Cikin ƙulli ɗaya suke da kwabon. Laraba, kai ya ɗau zafi da hidima, ta aika da ƙullin ɗungurungum ba ta kwance ba. Dodo ya ga kwabo, ya tambayi 'yar aike, ta ce an ce duka. Ya danna a yumɓu, ya zuba a kasko. Kafin Azahar sarki ya zama ruwa.

Da Magariba Inna ta laluba ba ta ji komai ba. Da aka gaya mata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Yau na bizne Mas'udu," ta juya fuska bango. Tuwo ya zo ya koma, kunu ya zo ya koma. Ana guɗa a tsakar gida, tsohuwa na ƙarewa a ɗaki.

A gabana Laraba ta zo rumfa, mayafi jiƙe da hawaye. A hannunta ga sababbin 'yan kunnen, Zinatu da kanta ta cire su ta ce a mayar.

"Baba Dodo, na kashe Inna da hannuna. Mi za ni yi?"

Dodo ya karɓi 'yan kunnen. Ya tashi ya zazzage tulun baya-bayan nan, ya tsinto ɓari biyu na yumɓu, ya hure ƙura. Sai ga sarki kwance da gemunsa. Ni da na fi kowa dariya, ranar ban yi ta ba.

Ya zuba kakin zuma a gurbin ya fitar da siffa, ya lulluɓe ta da sabon yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya narka 'yan kunnen ya ɗura zinariyar. Na farko ya fito da hanci a cinye. Na biyu kambi ya toshe. Ya ƙi karɓar aikin kowa, ya yi ta maimaitawa har ya samu wanda ransa ya kwanta da shi. Da Laraba ta ga loɓar gefen ta ce ya goge ta ya yi kyau.

"Ɗiyata, wagga loɓa ita ce kwabon," in ji shi.

Ta kuma roƙe shi a ce wa Inna tsintarsa aka yi ƙarƙashin gado. Nan ma ya ƙi. Kai ne, Dodo, wanda ka iya kwaikwayon fuskar sarkin wata duniya amma ka kasa ƙera ƙarya ɗaya. Zakaran ƙira, mai hannu da sanyi a bakin wuta!

Na raka shi gidan. Muka yi sallama, aka ba mu izini, ya durƙusa bakin ƙofar ɗakinta.

"Inna, ni ne Dodo. Ni na narka shi, ni kuma na sake zuba shi. Ba na fari ba ne, kar in ruɗe ki."

Ta miƙo hannu, ya sa mata kwabon. Yatsanta ya bi kambi, ya sauko gemu, ya zagaya gefe, ya tsaya cak a kan loɓar.

"Zinariyar da ya taɓa ce?"

"Tana ciki, Inna. Sai dai ta gauraya da ta 'yan kunnenki, ba mai iya raba su kuma."

Tsohuwa ta damƙe hannu ta kai ƙirji. Ta ce, "To, uwa da ɗa sun gamu." Sannan ta ɗaga murya, "Laraba, bar kukan nan haka, kawo mini kunun nan." Ni dai waje na fita, don ba a san tela da kuka ba.

Da ragowar zinariyar ya yi wa Zinatu 'yan kunne ƙanana, su ne a kunnenta har yau. Inna ta ƙara shekaru tana shafa sarkinta, har ta ga ɗan Zinatu da hannu, aka sa masa Mas'ud.

Dodo, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya sanyaya idon da hayaƙi ya cinye. Ku kuma masu sana'a, matasa da mu tsofaffi, kafin ku sa wa kayan mutane wuta ko almakashi, ku tsaya ku duba da kyau, don ba ku san wa ke shafa shi bayan salla ba. Tulunan nan da matarsa ta so fasawa, jiya ni na ɗauko amalanke na kai masa su gida, ban yarda ko ɗaya ya bugi ɗan'uwansa ba.