Inna Kulu da Cokali Uku

Duk wanda aka haifa a unguwarsu ta Pauwa cikin shekara arba'in ɗin nan, to uwarsa ta sha kunun kanwar Inna Kulu. 'Yar Damari ce, aure ya kawo ta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, in tana magana a tsakar gida har masu ɗiban ruwa a rijiya suna ji. Gidansu irin gidajen nan ne da wani ke zuwa masallaci wani coci, ita kuwa har gobe da aradu take rantsuwa, kuma ba wanda ya taɓa ƙin tuwonta.

Sana'arta tada mai jego da wanda ya tashi daga ciwo. Romon ƙauri, yaji, man shanu, kunun kanwa mai kauri, su ne kayan aikinta. In ka ce mata ka ƙoshi, kai ka jawo wa kanka, don sai ta ƙara maka ludayi biyu tana cewa, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Ta tada mutane da yawa da wannan ludayin, ba ƙarya.

Mijinta Baba Amadu maharbi ne a da, har cutar yana ta rufe masa ido. Abin da ya rage masa daga daji shi ne Duna, baƙin karensa. Kullum da hantsi zai riƙe igiya, Duna ya ja shi har gindin ɗorawar bakin gona, inda tsofaffin abokan farautarsa ke zama. In babu karen nan, tsohon ba shi da inda za shi sai ɗaki, kuma Kulu ta san zaman ɗaki ne zai kashe shi.

Ana tsakar kaka Duna ya ci mushen akuya a bayan gari. Amai da gudawa har da jini suka kwantar da shi, kwana uku ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Aka kira Malam Maharazu, malamin dabbobi, ya zo a babur daga Ƙanƙara, ya yi masa allura da ƙarin ruwa. Da zai tafi ya ce, "Inna, a bi shi a hankali wajen abinci." Ta ce to. Kulu da to ai ba a rasa ta.

Washegari Duna ya ɗaga kai ya kaɗa wutsiya. Shi ke nan, Kulu ta ga mai jego! Ta ɗora romo, ta zuba man shanu, ta barbaɗa yaji, ta jefa 'yar kanwa don ta wanke ciki, ta cika masa kasko fal. Kare ya lashe tas, ita kuma tana tsaye tana jin daɗi. Kafin la'asar abin ya dawo sabo, har ya fi na farko. Duna ya miƙe a gindin rumbu, numfashi da ƙyar.

Ranar Baba Amadu ya ture kwanon tuwonsa. Bai yi mata faɗa ba, kuma shi ne ya fi yi mata ciwo. Da sunan 'yarsu ya kira ta kamar kullum, cewa kawai ya yi, "Uwar Rahila, ba ni jin yunwa." Daga ranar sai 'yar kurɓar fura, yana zaune da igiyar a hannu.

Malam Maharazu ya dawo, ya leƙa kasko, ya sansana, ya dafe kai.

"Inna, mi kika ba shi?"

"Abin da nike ba mutane su tashi."

"In ɗanki na da gyambo, kina zuba mashi yaji? To hanjin karen nan gyambo ne ɗanye."

Kulu ta sunkuyar da kai, abin da ba a saba gani ba. Kunya ta kama ta, tsoro kuma ya fi kunyar. Malamin ya sake ƙara wa Duna ruwa, sannan ya zayyana mata: ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, shinkafa fara a dafa ta ligif, da tsokar kaza ba fata. Ba mai, ba yaji, ba albasa, ba kanwa, ba ƙashi. Cokali uku kacal, sau shida a yini. Ya bar mata wata 'yar kwalbar bitamin, rabin cokali da safe.

"Cokali uku? Aradu ko tsako ya fi haka ci!"

"Na huɗun shi za ya kashe shi, Inna."

Da ya tafi, ta ɗauki ludayinta ta soke shi can saman jinka, inda sai ta taka turmi za ta kai, don ta san halin hannunta.

Kwanakin nan Kulu ta sha wuya. Duna zai lashe cokali ukunsa, ya ɗago ya zuba mata ido yana ɗan kuka, ita kuma ta rungume tukunya ta juya masa baya, hawaye na zuba. Matar da ba ta taɓa hana mai rai abinci ba! Maƙwabta suka samu abin tsokana, suna leƙowa ta kan danga: "Inna Kulu, ashe kin iya rowa?" Ta ce su bari ta gama da kare, za ta dawo kansu. Kowace safiya kuma tana bin sa bayan rumbu da karan dawa, tana tona kashinsa tana dubawa kamar yadda malamin ya nuna mata. Ranar da ta ga ya fara haɗuwa ba jini, guɗa ta rangaɗa, har aka zaci haihuwa aka yi.

Kwana na biyar malamin ya yarda a ƙara dafaffiyar kabewa. Na bakwai rabin ƙwai, da cokali ɗaya na kindirmo. Cokali uku suka koma biyar, biyar suka koma ɗan ƙaramin ƙoƙo. Baba Amadu dai na nan kan furarsa, wuyan rigarsa na ta ƙara faɗi. Duk safiya tambayarsa ɗaya: "Ya tashi?" Ita kuma ta ce, "Saura ƙiris."

Ran kwana na goma sha biyu da hantsi, Kulu na wanke ƙoƙo, sai ta ga Duna ya miƙe, ya girgiza jiki, ya taka yana tangaɗi har ƙofar ɗakin tsohon. Ya sa hanci ya zunguri hannun da ke riƙe da igiya. Baba Amadu ya shafa kansa, ya bi haƙarƙarinsa da yatsu ɗaya bayan ɗaya. Can ya gyara murya.

"Uwar Rahila, akwai sauran ɗumame?"

Kulu ta ajiye ƙoƙon. Turmi ta jawo, ta taka, ta zaro ludayinta daga jinka, ta kaɗe masa ƙura. Ta yanko tuwo, ta kwarara miyar kuka, ta ɗora man shanu, ta barbaɗa yajin da ta yi kwana goma sha biyu tana hana hannunta taɓawa. Tsohon yana jin zubar miya ba ta tsaya ba, ya ce, "Ke, ya isa haka nan!"

"Aradu bai isa ba," in ji Kulu, tana share ido da bakin zane. "Kai dai malamin dabbobi bai ce a auna maka ba."