Hatimin Oga Darakta

Shekara talatin da biyar Baba Badaruddeen ya yi yana masinja a wata ma'aikatar tarayya, yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Da ya yi ritaya ya tare a Jikwoyi, katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Abu biyu ya kwaso daga aiki: hawan jini, da imanin cewa duk abin da ba a sa wa hannu an buga hatimi ba, to bai faru ba. Ko gayyatar suna ka kai masa da baki, sai ya ce ka kawo a rubuce. Shi ya sa nake ce masa Oga Darakta, shi kuma ya ce mini jahili. A haka muke zumuncinmu.

Duk wata yakan je asibiti da katinsa a leda, likita ya sa hannu, a buga hatimi, ya karɓo ƙwayoyinsa. Sai korona ta zo, aka kulle Abuja. Asibiti suka ce tsofaffi su zauna gida, sai mai larurar gaggawa. Magani ya ƙare. 'Yarsa Kauthar ta sayo irinsa sak a kemis. Baba ya juya kwalin gaba da baya, ya tambayi wanda ya amince, ya ce a ajiye sai an buɗe ofis.

Mako uku bai sha ba. Ran nan ya tashi alwalar La'asar, jiri ya kwashe shi ya faɗa kan buta.

Na leƙa ta katanga na ce, "Oga Darakta, mala'ikan mutuwa fa ba ya jiran fayil."

Ya ce, "Shi ma da umarni yake zuwa, jahili."

Na je ƙarshen layi na roƙo Magdalene, nas ce. Ta zo da takunkuminta, ta auna jininsa, ta ga lambar da ta hana ta dariya. Ta rubuta maganin a katinsa, ta sa hannu. Baba ya ce ina hatimi. Hatimi kuwa yana asibiti a kulle. Kauthar ta fara hawaye.

Sai na tuna wani tsohon hatimin karɓar wasiƙu da ya yi ritaya da shi, yana ɓoye a gwangwanin madara. Na ce, "Ranka ya daɗe, takarda ta iso teburinka. Wa ke bugawa in ba kai ba?"

Ya gyara hula, ya ce a ɗauko gwangwanin. Tawada ta bushe, Kauthar ta jiƙa bular wanki a madadinta. Ya buga, ya hura, ya duba da kyau, sannan ya haɗiye ƙwayar.

Har yau yana nan da ransa, yana damun unguwa. In na ce ni na ceto shi, sai ya ce in nuna masa inda aka rubuta.