Layi Biyu a Hannun Osée

A shekarar 1996 na fara ganin Espérance. Babanta ya kawo ta daga Kiéché a amalanken jaki, da tabarma da ƙwarya guda, don ta shiga lakwal ɗin Mishan inda nake koyarwa. Ba ta da kowa a Dogon Dutsi. Matata Germaine ta yi mata shimfiɗa a ɗakinmu, nan ta zauna har ta tafi Yamai koyon aikin labo.

Da ta dawo, awon jini da fitsari take yi a wani ƙaramin asibiti. Daga baya aka kawo ƴan tsinkayen takarda da ake tsomawa a fitsari don gane mai shan ƙwaya: tramol, da wani mai suna fentanil, wanda ta ce kaɗan ɗinsa kan tsai da numfashi. Aikin nan ne ya raba ta da mutane. Duk wanda ya kai mata ɗansa, ba ya ƙara son haɗa ido da ita a kasuwa. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba, amma aka daina kai mata goron suna. A coci ma bencinta da fili.

Germaine ta rasu ta bar ni da jikanmu Osée, ɗan kabu-kabu. Wata rana abokansa suka kwaso shi ba ya motsi, ƙwaya ta kayar da shi. Ya farfaɗo a asibiti, amma ni tsoho ba zan iya tsare shi ba. Espérance ta zo ta naɗe tabarmarsa, ba ta nemi shawarata ba.

"Taso, direban jirgi," ta ce masa. "Babur ya huta."

Damina guda ya yi a gidanta. Ni kuwa ina dafa shayi in zuba kofi ɗaya.

Bayan girbin gero suka shigo da hantsi. Osée ya miƙo mini tsinken da hannunsa. Layi biyu, ja. Na san awon masassara: layi biyu, ciwo na nan. Na zauna a kan turmi.

"Mushe, mi ya faru?" in ji Espérance, yadda ƴan lakwal ke kiran malami.

"Har yanzu yana sha ke nan."

Ta yi dariya, abin da na daɗe ban ji ba. "Kai da ka koya muna lissafi! Wanga ba irin na masassara ba ne. Nan layi guda ne mugun labari. Biyu, ba a ga komi ba."

"Tsoho ya kusa binne ni da rai," in ji Osée.

Ta ce awon kwanakin kusa kawai yake nunawa, sai an riƙa maimaitawa. Na soma godiya, ta katse ni da tambayar ko ƙwaryarta tana nan. Ta shimfiɗa tabarmar Osée a kusurwar da Germaine ta taɓa shimfiɗa mata tata, ta koma gida ita kaɗai.